Hoton ya yi kyau, amma ba Malam ba ne

Ranar kasuwar garinmu ina zaune a shagon wani yaro mai hoto ina jiran a buga mini takarda, sai ga wani magidanci ya zo karɓar aikinsa. Ɗan ƙaramin hoton mahaifinsu marigayi ya kawo, irin na fasfo da aka ɗauka lokacin da zai tafi aikin Hajji, ya ce a faɗaɗa shi a sa a firem. Yaro ya fito da aiki fes. Fuska sumul, ido tar, gemu a gyare. Magidanci sai sa albarka yake yi.

Tare suke da yayarsa, dattijuwa. Ta karɓa ta daɗe tana dubawa, can ta ce, "Ɗan nan, ina billen Malam?"

Babu bille. Hancin ma ya ɗan miƙe, fatar ta yi haske. Yaron ya ce, "Hajiya, ai AI ce ta wanke shi. Haka yake a asali, hoton ne ya tsufa."

Wannan amsar ce ta tsaya mini a rai, domin yaron ba ƙarya ya shirya ba. Shi ma haka ya ɗauka. Kuma haka yawancinmu muka ɗauka, daga mai shagon har mai kawo aikin.

Ni ba na cikin masu cewa a jefar da waɗannan manhajojin AI, wato ƙirƙirarriyar basira, masu ƙara wa hoto kyau. Suna da amfani, kuma sun ba yara da yawa a karkara abin yi. Abin da nake cewa shi ne, manhajar ƙara wa hoto kyau ba ta dawo da abin da ya ɓace, kintata take yi. Saboda haka ba a bar mata fuskar mutum ita kaɗai, musamman fuskar wanda ya rasu. Kuma duk mai hoton da ya yi aiki da ita, hakki ne a kansa ya gaya wa mai kaya.

Me take yi a zahiri?

Hoton da ke cikin waya ko kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne, kowane ɗigo da launinsa. Idan ka ninka faɗin hoto da tsawonsa sau biyu, yawan ɗigon ya ninku sau huɗu. Wato a cikin kowane ɗigo huɗu, uku sababbi ne, kyamara ba ta taɓa ganin su ba. Idan ka ninka sau huɗu, kamar yadda ake yi idan za a mai da ɗan fasfo ya zama na bango, goma sha biyar cikin goma sha shida sababbi ne. Daga ina suka fito?

Daga hotunan wasu mutane. An nuna wa manhajar hotuna masu ɗimbin yawa, mai kyau da wanda aka lalata da gangan, har ta koyi cewa idan ta ga duhu mai irin wannan siffa, yawanci ido ne, kuma ido yawanci kaza yake. Sai ta zana ido. Ido mai kyau kuwa, amma na "yawanci", ba na babanka ba.

Ka ɗauki wasiƙar da ruwan sama ya taɓa, rabin rubutun ya narke, aka kai wa malamin da ya saba karanta wa mutane wasiƙu. Inda aka ce "bayan gaisuwa mai yawa da..." zai cike sauran ba tare da kuskure ba, don ya karanta irinta ba adadi. Amma inda aka rubuta yawan kuɗin da aka aiko, idan tawadar ta tafi, ta tafi. Malamin kirki zai ce nan ba ya karantuwa. Ita manhaja ba ta san wannan kalmar ba. Za ta sa lamba, da rubutu mai kyau, ta miƙo maka.

A 2020 wasu masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka fitar da wata manhaja mai suna PULSE, mai mai da hoto dishi-dishi ya zama fuska tangaran. Wani ya sa mata hoton Barack Obama da aka dusashe, ta fito da fuskar Bature. Duniya ta yi ta surutu, amma dalilin ba ɓoyayye ba ne: fuskokin da aka koya mata yawancinsu na fararen fata ne. Ɗaya daga cikin manyan rumbunan fuskoki da masu irin wannan aiki suke amfani da shi, wanda kamfanin Nvidia ya haɗa, hotuna 70,000 ne da aka kwaso daga shafin Flickr. Ka tambayi kanka mutum nawa ne a ciki mai rawani da amawali, ko mai fashin goshi, ko tsohuwar Bafulatana mai jarfa a leɓe.

Manhajojin yau sun fi na 2020 ƙwarewa nesa, ban musa ba. Sai dai tushen aikin bai sauya ba. Abin da ta saba gani shi take ɗauka daidai, wanda ba ta saba gani ba kuma tana iya ɗaukarsa datti ne ko karce.

Nan ne abin ya shafe mu fiye da wasu. A idon manhaja, bille da kalangu da 'yar baka layuka ne a kan fata, ba su da bambanci da karcen da ƙusa ta yi wa takarda. Tabon salla a goshi inuwa ce da ta kamata a share. Wushirya kan zama haƙora jere reras. Aikin allurar da ke jikin hula da wuyan babbar riga sai ya koma wani zane da babu maɗinkin da ya taɓa yin irinsa. Idan da rubutun ajami ko allo a bayan mutum, sai ka ga wasu haruffa da ba na Larabci ba, ba na boko ba.

Kuma ku tuna, tsagar fuska tana ƙarewa. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro zane a jiki, mutane ma da kansu sun daɗe da rage yi. Yau a Haɗeja ko Gumel ko Ƙaraye da wuya ka ga jariri da tsagar kakansa. Nan da 'yan shekaru, inda kawai jikoki za su ga yadda askar gidansu take shi ne a tsofaffin hotunan nan. Su ne kuma muke bi ɗaya bayan ɗaya muna gogewa, muna biyan kuɗi a kai.

"Ai dama masu hoto sun saba gyara"

Gaskiya ne. Tun zamanin fim masu situdiyo suke bin hoto da fensir da ɗan buroshi suna rage tabo. Photoshop kansa tun 1990 yake kasuwa. Babu amaryar da aka taɓa kai wa hotonta ba a taɓa shi ba.

Amma da, mai gyaran ya san abin da ya taɓa. Idan ya cire ƙurji, ya san ƙurji ya cire. Idan ka ce masa ya mayar, zai mayar. Kuma ɗan gari ne, ya san bille, ba zai share shi ba sai ka ce. Yanzu fa? Maɓalli ɗaya ake dannawa, a cikin daƙiƙoƙi an sake gina fuskar gaba ɗaya, shi kansa mai shagon bai san me aka cire me aka ƙara ba. Shi ya sa yake iya rantse maka cewa haka hoton yake.

Manyan kamfanonin labarai, da suke da ƙwararru da kayan aiki, ba sa wasa da wannan. A watan Maris na 2024 fadar masarautar Ingila ta fitar da hoton Gimbiya Kate da 'ya'yanta, AP da Reuters da AFP suka janye shi bayan sun ga alamun an taɓa shi, a wurare irin su hannun rigar yarinya. Hannun riga kawai. A shekarar dai wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon da aka ƙara wa kyau da AI a matsayin shaida a shari'ar kisa, don abin da manhajar ta nuna ba lallai shi ne abin da ya faru ba. Mu kuwa idan an sace babur aka samu ɗan hoto dishi-dishi daga kyamarar wani shago, sai wani ya sa shi a manhaja, fuska ta fito sarai, a watsa a WhatsApp a ce ga ɓarawon. Fuskar da na'ura ta zana tana iya kama da ta wani bawan Allah da yake gonarsa lokacin da aka yi satar. Mun kuma san abin da taron kasuwa yake yi wa wanda aka kira ɓarawo.

"Mai kuɗi ne ya ce yana so"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma masu shago suna da gaskiya a cikinta. Ka ba mutum hoto biyu, ɗaya na ainihi da dishi-dishinsa, ɗaya sumul, tara cikin goma ba sai na faɗa maka wanda za su ɗauka ba. Idan ka ƙi yi, shagon gaba zai yi, ko ma ɗan gidan ya yi da wayarsa a manhajar Remini. Yaron da ya ci bashin janareta ba zai tsaya wa'azi ciniki ya wuce shi ba.

Ban ce a hana mutum abin da yake so ba. Wanda ya ce a yi masa kalandar biki a sa shi a gaban wani katafaren gida alhali a gaban rumbu aka ɗauka, a yi masa. Kowa ya san wasa ne. Ɗan takarar kansila da yake so a rage masa shekara goma a fosta, shi ya sani, masu zaɓe suna ganinsa kullum a masallaci. Mai shagon atamfa da take so launin kayanta ya fito yadda yake a ido, wannan ma aiki ne da manhaja za ta iya taimakawa a kansa.

Inda na tsaya shi ne inda wani zai yanke shawara bisa hoton, bai san an taɓa shi ba. Saurayi yana Legas yana acaba ko yana Fatakwal yana sayar da albasa, aka turo masa hoton yarinya daga gida. Ko ita aka turo mata nasa. An haskaka fata, an share tabon ƙyanda, an daidaita ido. Ranar da aka haɗu wa aka cuta? Duka biyun, ita ma da aka gyara ɗin har ta fi cutuwa, don ita za ta ga yadda fuskarsa ta sauya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai neman aure ya je ya ga wadda zai aura. Ya kuma taɓa sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ragon layya da aka ɗauka a Maigatari ko Wudil aka ƙara masa sheƙi da cikar jiki kafin a tura wa mai saye a birni, ban ga yadda zai fita daga wannan hadisi ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan daɗewa a zuciya. Yarinya 'yar shekara goma sha uku da duk hotonta da ta gani a duniya an haskaka shi, me kake so ta ɗauka game da fatarta? Muna faɗa da man bilicin a kemis da kasuwa, ga shi muna shafa shi kyauta a waya.

Hoton takarda kuwa, na makaranta, na neman aiki, na banki, ba ma sai an ja magana ba. An yi shi ne don a gane ka. Wanda ya gyara shi har aka kasa gane shi a bakin ɗakin jarrabawa, garin neman gira ya rasa ido.

To a bar tsohon hoto ya ruɓe?

A'a. Gara da danshin damina da hayaƙin ɗaki suna cin hotunan nan kowace shekara, ceto su aikin lada ne. Amma aikin yana da tsari, kuma manhajar AI ba ita ce farko ba.

Farko a ɗauki hoton da kyau. Mafi yawan ɓarnar daga nan take farawa: an ɗauki tsohon hoto da waya a cikin duhun shago, ta bayan gilashin firem, an tura ta WhatsApp ya matse shi, sannan a ce manhaja ta gyara. Ka ba ta kaɗan, dole ta ƙago da yawa. A cire shi daga gilashi idan bai manne ba, a sa a sikana a kan 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, ba 150 ko 200 ba. Ɗan fasfo da aka ɗauka a kan 600 za a iya buga shi ninki biyu ba tare da an ƙago komai ba. In babu sikana, a fita inuwa da rana, a ɗora shi a shimfiɗe, a riƙe waya daidai a samansa. In za a tura, a tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba.

Wannan na farkon a adana shi daban, kada a taɓa. Sai a buɗe kwafinsa a Photoshop, ko GIMP wanda kyauta ne, a gyara haske da launi, a bi karce da yagewa da hannu. Bayan nan ne manhajar AI take shigowa, kuma a shimfiɗa ta daban (layer), wato kwafin da aka ɗora a saman na ainihin. Riga, bango, labule, tabarma, a bar mata, ta fi ka sauri. Idan aka zo fuska sai a rage ƙarfinta, a goge ta daga kan ido da hanci da baki da tsaga, na ainihin ya leƙo daga ƙasa. A riƙa kunna shimfiɗar ana kashewa ana kallo. Duk abin da ya motsa daga wurinsa, ƙage ne.

Wanda ya iya wannan shi ne mai sana'a. Danna maɓalli kam yaron da ke tallan ruwa ma ya iya, kuma ba zai daɗe yana kawo maka kuɗi a kansa ba.

Sai an sayi sabuwar kwamfuta?

Wannan tambayar yara masu shago suke ta yi, musamman tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ya karɓar kwamfutar da injinta na Intel ya gaza zubi na takwas, alhali da yawa daga cikin na hannu da ake sarowa a titin Beirut a Kano sun girmi haka. Ga kuma talla ta ko'ina: Apple da injinsa na M1 tun 2020 da waɗanda suka biyo baya, ga kwamfutocin Copilot+ da aka fito da su a 2024 masu wani sashe na musamman don aikin AI.

Sabuwar kwamfuta tana da sauri, wasu kuma ba sa shan wuta sosai, abin da mai aiki da sola zai yaba. Manhajojin da suke aiki a cikin kwamfutar kanta, irin na kamfanin Topaz, ko mai rage ƙura-ƙuran hoton dare da Adobe ya sa a Lightroom a 2023, suna son ƙwaƙwalwa (RAM) mai yawa da katin hoto mai ƙarfi, wato sashen kwamfuta mai sarrafa hoto. A kan tsohuwar kwamfuta hoto ɗaya sai ya ci mintoci, fetur yana ƙonewa, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita take. Wanda yake ɗaukar bukukuwa kowane mako yana gyara ɗaruruwan hotuna, wannan lissafinsa zai iya fita.

Amma mai shagon ƙauye da aikinsa fasfo ne da katin gayyata da tsohon hoto jefi-jefi, kada ya sayar da tinkiyar uwarsa don wannan. Kwamfuta mai tsada ba ta sa kintacen manhaja ya zama gaskiya, sauri kawai take ƙara masa. Kuma wasu ayyukan ba ma a cikin kwamfutarka ake yin su ba. Abin cike gurbi da Adobe ya ƙara wa Photoshop a 2023 sai da intanet da rajistar wata-wata yake aiki, kamfanin kuwa tun 2013 ya koma tsarin haya, ba sayarwa ba. Ka ƙara ƙwaƙwalwar tsohuwar taka ta kai 16GB, ka sauya mata ma'ajiya zuwa mai sauri irin ta SSD, ragowar kuɗin ka sayi sikana da batir mai kyau. Sikana za ta fi amfanar tsohon hoto fiye da kowace kwamfuta.

Akwai wani abu game da intanet ɗin da ba na jin ana maganarsa. Yawancin manhajojin waya masu gyara fuska ba a wayar suke aikin ba, tura hoton suke yi can rumbun kamfanin a wata ƙasa ya dawo. Magidancin da bai yarda baƙo ya wuce zauren gidansa ba, ya kawo hoton iyalinsa cikin ambulan, ya ce, "Don Allah kada kowa ya gani." Mai shago ya ce to, ya loda shi. Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma ko ba doka, wannan amana ce. A tambaye shi tukuna. In bai yarda ba, akwai manhajoji irin su Upscayl, kyauta, da suke aiki ba tare da hoton ya bar kwamfuta ba, in dai tana da katin hoton da zai ɗauka.

Abin da nake roƙon masu shago bai kai a kira taro a kansa ba. Idan an kawo hoton wanda ya rasu, kafin a buga a kira wanda ya fi kowa sanin fuskar a gidan, ya ga allon kwamfutar. Tsofaffin mata sun fi iya wannan, ba sa ruɗuwa da sheƙi. A buga biyu: wanda aka gyara babba, na ainihin ƙarami a soke shi a kusurwar firem ko a manna a baya. A bayan babban a rubuta da biro, "An gyara da AI," da shekarar. A tura wa mai kayan fayil ɗin farko a wayarsa, a ce ya tura wa 'yan'uwansa su ma su ajiye. Ƙarin takardar da tawadar bai kai kuɗin katin waya ba, kuma mai shago yana iya sa shi a cikin farashi.